Kwana uku ina farautar ragon dutse a yammacin Texas

A watan Janairun da ya wuce na biya kuɗin farautar kwana uku a wata makekiyar gonar kiwo da ke tsakanin garuruwan Alpine da Marfa, a yankin Trans-Pecos na yammacin jihar Texas, domin harbin dabbar da Amurkawa suke kira aoudad. Ba baƙuwar halitta ba ce a wurinmu. Ragon dutse ne, wanda asalinsa duwatsun arewacin Afirka ne, har da na Azbin da ke arewa da Agadas, inda farauta da fari suka rage yawansa ainun. A Texas kuwa labarin ya sha bamban. Hukumar kula da namun daji ta jihar ta saki wasu a kwazazzabon Palo Duro da ke arewacin jihar a 1957 da 1958, masu gonaki su ma suka saki nasu, dabbar ta tarar da ƙasa irin ta kakanninta, ta hayayyafa har ta zame wa ragon daji ɗan ƙasa alaƙaƙai, tana cinye masa ciyawa da ruwa, tana kuma iya shafa masa ciwon huhu. Da yake baƙuwar dabba ce a can, dokar jihar ba ta ƙayyade lokacin farautar ragon dutse ko adadin da mutum zai harba ba, muddin yana da lasisin farauta da izinin mai fili.

Izinin nan shi ne abin da ake sayarwa, domin kusan duk ƙasar Texas tana hannun masu gonaki ne. Kamfanin da na bi ya ba ni makwanci, abinci, mota da jagora guda. Farashinsu ƙaho yake bi: tsohon rago mai ƙahon da ya kai inci 30 dubban daloli ne, tunkiya kuwa ba ta kai rabin haka ba. Da na ce tunkiya nake so, kuma nama ne ya kawo ni, sai da matar da ke karɓar rajista ta sake tambayata sau biyu.

Ta fuskar farautar kanta ba ni da abin cewa sai yabo. Muna fita kafin gari ya waye, cikin sanyin da ya fi na tsakiyar hunturu a Jos, mu hau wani tudu mu zauna da madubin hangen nesa, wani lokaci awa biyu ba mai cewa uffan. Launin ragon dutse da na duwatsun wurin ɗaya ne, ja-ja mai ƙura, don haka sau uku jagoran yana nuna mini garke ina kallon wurin ban ga komai ba, sai da ɗaya ya juya iska ta kaɗa doguwar gezar da ta sauko masa daga maƙogwaro zuwa ƙafafun gaba. Idonsu ya fi na mutum nesa ba kusa ba, kuma da zarar ɗaya ya tsargu, garken duka ya haye dutsen da kai sai ka yi rabin yini kafin ka kai. A yini na biyu muka yi rarrafe cikin ƙaya da tsakuwa har muka rage tazarar zuwa kimanin mita 250, na yi bisimilla na harba. Tun a mota na gaya wa jagoran cewa idan na iske ta da sauran rai zan yanka ta da hannuna, kuma da muka isa ya ja gefe ya ba ni wuri, bai ce komai ba. Wannan ladabin nasa ya sa na ƙara masa tukuici.

Inda suka gaza shi ne bayan dabba ta faɗi. Jagoran ya zaro wuƙa zai cire kai da naman gadon baya kawai, domin a cewarsa abin da yawancin baƙinsu suke ɗauka ke nan, sauran kuma ba ya tauno. Sai da na dage muka feɗe ta sosai, muka saɓo cinyoyi da kafaɗu da haƙarƙari a baya. A masauki babu ɗakin sanyi, ƙanƙarar da suka tanada ba ta cika kula ɗaya ba, dole na yi tuƙin awa guda zuwa gari na sayo. Mahaucin da suka haɗa ni da shi kuma ya ce kitsen alade yake zubawa a niƙaƙƙen naman daji saboda rashin maiƙonsa, kuma inji ɗaya yake amfani da shi ga kowa. Na gode masa, na taho da namana ɗanye.

A gida na fara da kuskure. Na yanka cinya na soya irin suyar naman Sallah, abin ya fito tamkar robar taya, yara suka tauna suka ajiye. Naman jan gaske ne, ba shi da kitse ko kaɗan, jijiya kuma ta yi masa yawa, abin da ba zai ba da mamaki ba ga dabbar da ta ƙare rayuwarta tana hawan dutse. Maiɗakina ce ta ce a yi dambu. Ta dafa kafaɗun da albasa, citta, kanumfari da tafarnuwa har ruwan ya tsotse, muka daka a turmi, ta soya da man gyaɗa mai ɗan yawa, kuma taurin nan da ake kuka da shi shi ne ya ba dambun dogon zare mai kyau. Cinyar da ta rage na fere ta fale-fale, na cire farar fatar da ke lulluɓe da tsokar, na busar a tanda da wuta kaɗan, na tsoma a labun ƙuli-ƙuli da yaji, na mayar. Rashin kitse ya dace da kilishi ƙwarai. Haƙarƙarin ya ɗauki awa huɗu a wuta kafin ya zama farfesu, da daddawa da masoro. Warin bunsuru da aka yi ta tsoratar da ni da shi ban ji shi a naman tunkiyar ba, ɗanɗanonta ya fi kusa da na akuyar karkara.

Zan sake bin kamfanin nan saboda jagoransu, amma da kula biyu cike da ƙanƙara daga gida, da wuƙaƙena, kuma zan sa su rubuta a takardar yarjejeniya cewa duk naman za a sauko da shi daga dutse.