Wane abin ajiya ya dace da masara a ƙasar zafi da laima?

A yankin da zafi da ruwan sama suka haɗu, wahalar manomi takan fara ne bayan girbi, domin sau da yawa masara na nuna sama ba ta ɗauke ba, iska kuma cike take da danshi dare da rana. Hatsi yana shan laimar iska kamar yadda gishiri ke yi, kuma da zarar danshin iskar ya haura kashi 70 cikin ɗari, funfuna ta samu wurin zama. Wata funfunar tana haifar da gubar afulatoksin mai janyo sankarar hanta, kuma gubar ce a shekarar 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya bayan sun ci gurɓatacciyar masara. Saboda haka tambayar farko ga mai sayen abin ajiya ita ce ko zai hana iskar waje shiga.

Buhun saƙa na yau da kullum bai ci wannan jarrabawa ba, don iska na ratsa shi ta ko'ina. Duron ƙarfe yana toshe iska, amma tsatsa na cin gindinsa a ƙasa mai laima. Ƙwayar maganin nan mai fitar da iskar guba kuwa ƙwari take kashewa, ba ta taɓa funfuna, kuma ta sha halaka mutane a ɗakin kwana.

Abin da na amince da shi shi ne buhu mai ruɓi uku, irin PICS da masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka soma yaɗa shi a 2007 don ajiyar wake. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje mai ɗaukar nauyi. Idan aka matse iska aka ɗaure kowane ruɓi dabam, ƙwarin da ke ciki suna shanye ragowar iskar su mutu, laimar damina kuma ba ta samun hanyar komawa cikin hatsin. Ba a zuba magani ko kaɗan. Sai dai buhun ba ya busar da hatsi: dole danshin masara ya sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari kafin a rufe. Wanda ba shi da na'urar awo ya zuba ƙwayoyin masara da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, ya girgiza ya ajiye. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da masarar shanya.

Babban abin tsoro shi ne jabu, kuma nan ne aka cuce ni. Wata shekara na sayi buhuna a hannun wani dillali saboda arha, na cika su na ɗaure da kyau, amma da na buɗe bayan wata uku sai na tarar masarar gindin ta dunƙule ta yi kore, tana warin ruɓa, don likin ƙasan ledar ya buɗe tun ranar cikawa. Tun daga lokacin ba na biyan kuɗi sai na zaro ledojin na ƙirga su, saboda wasu leda ɗaya suke sakawa su ce ruɓi uku ne. Ina ɗaga kowace a hasken rana in duba huji, in ja likin da hannu biyu, sannan in hura mata iska in riƙe bakin in danna. Mai kyau takan tsaya a kumbure, jabu kuwa a hankali take sacewa. Tambari a jikin buhun waje ba hujja ba ne, don shi ya fi sauƙin kwaikwayo. Dillalin da ya hana a buɗe kayansa kafin ciniki, a bar masa abinsa. Buhu mai kyau ma a ɗora shi kan katako nesa da bango, saboda haƙorin ɓera ɗaya ya isa ya shigar da laima.