Haɗin kwana bakwai ko man kyamis: wanne ke da shaida?

Hajiya, kin tambaya wanne za ki saya wa 'yarki mai tabon ƙuraje: haɗin da ake tallawa a WhatsApp, wanda aka ce na gargajiya ne zalla kuma yana goge tabo cikin kwana bakwai, ko man da kika gani a kyamis nan cikin Sakkwato, mai rubutun cewa likitan fata ya gwada shi. Ni dai na farkon ne ya fi tayar min da hankali.

Ɗauki robar haɗin ki juya ta. Babu jerin abin da aka zuba, babu adireshin mai haɗawa, babu ranar lalacewa. Shaidarsa hoto biyu ne, na kafin shafawa da na bayansa, kuma kowa ya san abin da hasken taga da tacewar waya ke yi wa fuska. Sannan fata takan ɗauki kusan mako huɗu kafin ta sabunta kanta. Kurkum da man kaɗanya ba sa haskaka mutum a mako guda. Abin da ke irin wannan saurin yawanci sinadari ne mai ƙarfi da aka ɓoye, kamar clobetasol (sitiroyid ne, wato maganin kumburin fata mai ƙarfi) ko hydroquinone (sinadarin haskaka fata). Dokar NAFDAC ta hana sa sitiroyid da makuri (zaiba) a man shafawa na kwalliya, ta kuma hana hydroquinone ya wuce kashi 2 cikin 100.

Na ga ƙarshen abin a jikin wata ƙanwata. Wata uku tana shafawa, fuska ta yi fari tas, amma gaɓoɓin yatsunta suka yi baƙi ƙirin, jijiyoyi kore suka fito a kumatu, nankarwa ta tsaga mata damtse. Da zafin Afrilu ya kama, ko bakin ƙofa ta fita sai fuskar ta ɗauki raɗaɗi. Da ta tambayi mai haɗin abin da ke ciki, sai aka ce sirrin sana'a ne. Wallahi har yau abin na ci min rai.

Man kyamis ya fi, amma kada rubutun kwalin ya ruɗe ki. "Likita ya gwada" bai faɗi mutum nawa aka gwada a kansu ba, ko tsawon wane lokaci, ko wa ya biya kuɗin gwajin. Lambar NAFDAC ma rajista take nunawa, ba alkawarin goge tabo ba, kuma 'yan jabu na kwaikwayonta. Fifikonsa shi ne yana ba ki abin dubawa. Ana jera sinadarai daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, to in abin da ake kurantawa a gaban kwali ya koma can ƙarshen jeri, ɗan kaɗan ne a ciki. In an rubuta sinadari kamar niacinamide (nau'in bitamin B3 da ake sawa a man fata) da adadinsa, kina iya nuna wa mai ilimin magunguna ya tabbatar miki.

In tabon ya daɗe, ki kai 'yarki a duba ta a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ki tafi da kwalin a jaka. Ki kuma haɗa mata da man kare rana mai SPF 30 (lambar da ke nuna ƙarfin kariyarsa), don ranar Sakkwato na ƙara duhunta tabo.