Idan Lasifika Ɗaya Ta Garmaho Ta Yi Shiru, Me Ya Kamata A Saya?

Garmahon da mahaifinmu ya bari yana nan a ɗakinsa, a ƙauyenmu da ke kusa da Ringim. A hunturun bara lasifikar hagu ta ɗauke, ta dama kaɗai ke magana. Ƙanena ya ce a rabu da shi a sayo sabo. Ranar kasuwa na ɗauke shi har da amfilifaya zuwa wurin wani dattijo mai gyaran rediyo.

"Baba, allura zan saya ko duka injin ne ya mutu?"

"Yaro, mayar da kuɗinka aljihu tukuna," in ji shi.

Wayoyi biyu ne ke fita daga garmaho zuwa amfilifaya, mai jan kai ta dama ce, mai farin kai ta hagu. Ya musanya su. In shirun ya tsaya inda yake, laifin amfilifaya ne ko lasifika ko wayarta, babu ruwan garmaho. In ya koma ɗaya gefen, to cutar tana jikin garmahon. Namu ya koma. Sai ya leƙa bayan kan allura, wato ɗan abin da ke riƙe da allura a bakin hannun garmaho, inda siraran wayoyi 4 suke: fara da shuɗiya na hagu, ja da koriya na dama. Su ma musanya su ake yi, fara da ja, shuɗiya da koriya. In shirun ya sake ƙaura, kan allurar ne ya lalace, in bai motsa ba, waya ce ta katse a hanya. Namu farar ce ta saki, bakinta ya yi tsatsa, ƙura ta toshe shi. Ya kankare, ya matse da ɗan hantsaki, sauti ya dawo.

Daga nan ne ake maganar saye, kowa da inda cutarsa take.

Mafi araha su ne wayoyi. Tsofaffin injina da yawa wayarsu a haɗe take da dalma daga ciki, sai mai gyara ya canza. Ka nemi gajera mai rufin kariya, kada ka bari a yar da siririyar wayar nan da ake ɗaurewa a ƙusar bayan amfilifaya, ita ke hana gurnani.

Allura ita ce mutane suke fara zargi, alhali ba kasafai take kashe gefe ɗaya gaba ɗaya ba. Layin faifai bango biyu gare shi, na ciki yana ɗauke da sautin hagu, na waje na dama. Allurar da ta cinye ko ta karkace takan sa gefe ɗaya ya dusashe, yana kirci. In haka kake ji, canza ta da wuri, domin tana cin faifan ne, kuma fayafayan iyayenmu ba a buga sababbinsu.

Wajen sayen kan allura ne nake so mutum ya natsu. Iri biyu za ka tarar. Akwai na tangaran, wanda ke zuwa a ƙananan injina masu kama da akwati. Yana da araha, amma yana danna faifai da nauyi, sautinsa kuma siriri. Akwai na maganaɗisu, shi nake ba da shawara, ana kuma zare allurarsa kaɗai a sa wata. Audio-Technica AT3600L na da juriya, yana danna faifai da nauyin wajen giram 3, ya dace da tsofaffin fayafayai masu ƙura. AT-VM95E ya fi shi fitar da sauti tas, yana danna faifai da nauyin giram 2, amma yana so a daidaita hannun da kyau. Duba yadda naka yake ɗaure kafin ka hau motar Kano: wani ƙusoshi biyu ne a sama, wani cusawa ake yi a bakin hannu, kuma ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Ka sani kuma na maganaɗisu sautinsa ƙanƙane ne, sai amfilifaya mai ramin da aka rubuta PHONO, ko ka haɗa da ƙaramin akwatin ƙarin sauti.

Sayen wani injin shi ne na ƙarshe. Sabo irin AT-LP60X yana da wannan akwatin a cikinsa, ba ya buƙatar saiti, sai dai ba a canza masa kai, allura kaɗai. Ni na fi son ɗan gwanjo na Japan, irin Technics, wanda motarsa ke juya faranti kai tsaye, tunda zafinmu yana saurin sakar da bel ɗin roba. Duba rubutun bayansa: wutarmu 230 ce, wanda aka yi don Amurka 120 yake sha, za ka ƙone shi ranar farko. In za ka Sabon Gari, tafi da faifanka, a kunna a gabanka, ka kara kunne a kowace lasifika, ka ɗan girgiza wayoyin yana cikin juyawa kafin ka ƙirga kuɗi.