Farantan yumɓun Ingila masu zane: ɗaya ya hau bango, ɗaya ya shiga kicin

Farantai biyu na saya a hannun wata dattijuwa mai ginin tukwane, a wani baje kolin sana'o'in hannu kusa da Stoke-on-Trent, garin da mutanen Ingila ke tinƙaho da shi wajen tangaran. Ɗaya ƙato ne mai faɗin baki da zanen tsuntsu a tsakiya. Ɗayan mai ɗan zurfi ne na gashi a obin, ba hoton komai a jikinsa sai layuka. Tun lokacin kaka suke gidana, kuma wanda ya fi cin kuɗin shi ne wanda ba ya tsinana komai.

Ba farar tangaran ba ce irin wadda muka saba. Jan yumɓu ne. Ana dama farin yumɓu da ruwa har ya yi kauri, a shafe cikin farantin da shi, sannan a ɗura wani damammen, baƙi ko ja, a 'yar roba mai tsinin baki, ana matsawa ana zane. Mutanen da da ƙaho da bututun gashin tsuntsu suke yi. In hannu ya kauce shi ke nan, ba gogewa. Shi ya sa in ka shafa farantin za ka ji layukan sun ɗan taso, da ɗigo-ɗigon farare da aka jera a kansu ɗaya bayan ɗaya. Bayan an gasa, ƙyallin da aka shafa ya mai da farin ya koma ruwan zuma. Wannan launin ne ya tsayar da ni a teburinta.

Babban farantin kwaikwayon aikin Thomas Toft ne, maginin Staffordshire da ya rasu a 1689, wanda yakan rubuta sunansa ɓaro-ɓaro a bakin faranti, ya zagaye sauran bakin da zane kamar raga. Na asalinsa kaɗan ne suka rage, sai dai ka gan su a gidajen tarihi irin su Potteries Museum da ke Hanley ko Victoria and Albert Museum a Landan. Hotunan da shi da takwarorinsa irin su Ralph Simpson suka riƙa zanawa duk masu labari ne. Akwai 'yar ruwa, rabi mace rabi kifi, riƙe da mataji da madubi. Akwai zaki da doki mai ƙaho ɗaya suna tallabe da tambarin sarauta. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Sarki Charles na Biyu yana leƙe daga cikin ganye, tunawa da ranar da ya ɓuya a kan wata ƙatuwar bishiya a Boscobel bayan an ci shi da yaƙi a Worcester a 1651. Sarki guda, da ido tulu-tulu kamar ya ga fatalwa.

A teburin dattijuwar, 'yar ruwan na fara ɗauka, na kuma ajiye ta da sauri, don ƙirjinta a buɗe yake kuma ni gidana ba ya rabuwa da baƙi. Na koma kan kwasakwasa. A tatsuniyar Turawan da, wai uwar kwasakwasa kan tsaga ƙirjinta da baki ta shayar da 'ya'yanta jininta, Kiristoci kuma suka ɗauki hoton a matsayin alamar sadaukarwar da suka yi imani da ita game da Annabi Isa. Dattijuwar ta faɗa min wannan tun kafin in biya, na kuwa ji daɗin da ba ta ɓoye ba. Wanda ke da damuwa kan hoton abu mai rai, ko kan alamar wani addini, ya tambaya tukuna.

Da Gwaggo ta zo daga Zariya ganin jikoki, ta daɗe tana juya shi a hannu. Ta ce, "'Yar nan, yanzu a cikin wannan za ki zuba mana tuwo, tsuntsu na kallonmu?" Na ce, "A'a Gwaggo, na ado ne." Ta ce, "Ashe su ma Turawa suna jere." Ta kuwa faɗi daidai, don manyan farantan Toft ba don cin abincin yau da gobe aka yi su ba, na nunawa ne, kamar kwanukan da ake jera wa amarya. Nawa ma yanzu yana bangon hanyar kicin, ba falon da ake salla ba. Yana da nauyi ƙwarai, ga bayansa ba a shafa masa ƙyalli ba, ya karce min teburin cin abinci tun ranar farko. Fam ɗari da ɗoriya na ba da. Kyau kam akwai, amma kuɗin kallo ne.

Ƙaramin shi ne jarumin. Adonsa layukan fari ne a kan baƙi, aka ja tsinin gashin tsuntsu a kansu tun suna ɗanye, suka lanƙwashe kamar fuka-fuki, bakinsa kuma an yi masa 'yan tsaga-tsaga. Na gasa kaza da dankali a ciki, na yi alala, na ɗumama dambu. Yana jinkirin ɗaukar zafi, amma in ya ɗauka, har masu dawowa daga sallar isha'i sukan samu abincin da ɗumi. Gefen dankalin yana yin ƙamas ba tare da ya ƙone ba.

Ga inda ya gaza. Da na yi gashin kifi da manja, ƙyallin ya yi 'yan tsage sirara, man ya shiga ya bar jan tabo da ya ƙi fita, ƙarnin kuma ya daɗe kafin ya bari. Ba a ɗora shi kan wuta kai tsaye, ba a fito da shi daga firji a jefa cikin obin mai zafi, ba a barin sa jiƙe a ruwan wanke-wanke don ƙasansa na tsotsar ruwa. Yarinyata ta ɗan buga shi a bakin famfo, sai da ya ɓantare.

Abin da na fi matsa wa dattijuwar da tambaya shi ne dalma. Maginan da suna barbaɗa niƙaƙƙen dutsen dalma ne don samun ƙyallin nan, irin dutsen da ake yin wani tozalin da shi a wajenmu. Duk wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba zai yi wasa da batun ba. Ta tabbatar min nata ba dalma, ta kuma rubuta a takardar ciniki. Tsohon faranti na gwanjo kuwa, kada a kuskura a zuba masa abinci, balle mai tsami.

Da ta ji daga Najeriya nake, sai ta ambaci Michael Cardew, wanda ya farfaɗo da wannan sana'a a Winchcombe a 1926, daga baya ya buɗe makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954. Na laluba jakata na samo tsohuwar naira 20, na nuna mata Ladi a baya tana ginin tukunya. Ta roƙe ni takardar, ta ce a shagonta za ta manna, sannan ta rage min fam biyar a kan ƙaramin farantin.