Zyzzyva: manhajar haddar kalmomin Ingilishi don masu Scrabble

Zyzzyva manhaja ce ta kwamfuta da Michael Thelen ya ƙirƙira don 'yan wasan Scrabble, wasan haɗa kalmomi da ƙwayoyin haruffa a kan allo. Fuskarta ta tsufa, ba ado ba ƙyale-ƙyale, amma wajen zaƙulo kalmomin da suka yi tarayya a haruffa da wuya a samu wadda ta fi ta.

Abu na farko shi ne zaɓen ƙamus, kuma a nan ake yawan yin tuntuɓe. Amurka da Kanada galibi suna wasa da jerin kalmomi mai suna NWL, yawancin sauran duniya kuma da na Collins, wanda ya fi yawan kalmomi. ZO da CH halal ne a Collins, amma babu su a NWL. Wanda ya yi hadda da jerin da ba na gasarsa ba, wahalar banza ya sha.

Hanyoyin bincike uku ne aka fi mora. Anagram Match yana kawo kalmomin da suka cinye duk haruffan da ka rubuta: sa AEINRST, Collins zai ba ka kalmomi 11, ciki har da RETAINS, NASTIER da STAINER. Subanagram Match yana kawo har da gajerun da ake iya ginawa da wasu daga cikin haruffan. Pattern Match kuwa na tsari ne: alamar ? tana tsaya wa harafi ɗaya, * kuma tana tsaya wa haruffa ko nawa. ?A?ER zai fito da WATER, PAPER, LATER da 'yan uwansu.

Daɗin abin shi ne ana jera sharuɗɗa. Ka ce kalmar ta ƙunshi Q, ka ƙara sharaɗin ban da U, ka tsayar da tsawonta daga haruffa 2 zuwa 5, sai ga QI, QAT, QADI, TRANQ da FAQIR. Wannan ɗan jerin ya cancanci hadda, domin Q maki 10 gare shi, alhali U, wanda yawanci ke bin Q a kalma, huɗu ne kacal cikin ƙwayoyi 100. A gefen kowace kalma kuma ana nuna harafin da za a iya liƙa mata a gaba ko a baya, kamar G da ke mayar da HOST ya zama GHOST.

Ga masu farautar ƙarin maki 50 na ajiye ƙwayoyi bakwai a lokaci guda, a jera kalmomin bisa yiwuwar fitowarsu daga jaka, a fara da 100 na sama. Sashen Cardbox yana maimaita maka tambayoyi, yana rarraba su a akwatuna: wadda ka ci sai ta jima ba ta dawo ba, wadda ka kasa ta koma akwatin farko. Matsalar ita ce in ka zuba kalmomi 1,000 a tashi ɗaya sannan ka yi fashin mako guda, bashin tambayoyi zai taru har ka karaya. Gara 20 zuwa 30 a rana.

Ma'anonin da take bayarwa gajeru ne ƙwarai, ba za su koya maka amfani da kalma a jimla ba. Ga Wordle, wasan cankar kalma mai haruffa biyar, ma ba ta cika dacewa ba, tunda ba ta bambanta kalmar yau da kullum da wadda sai a ƙamus, shi kuwa Wordle sanannun kalmomi yake ɓoyewa. Mai yin wannan wasan sai ya tace sakamakon da kansa.