Keken ƙarfe ko na alminiyam a hanyar bakin teku? Ɗauki na ƙarfe

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsakanin keke mai firam ɗin ƙarfe da mai na alminiyam da ka ce sun raba maka hankali game da doguwar tafiyar da za ka yi a bakin teku, na ƙarfen za ka saya. Tsoron tsatsar da aka cusa maka saboda iskar teku yana da tushe, sai dai an zuzuta shi.

Nawa na ƙarfe ne, irin wanda za ka ga an rubuta 4130 ko Cr-Mo a jikin bututun da ke ƙarƙashin sirdi. Shekara takwas ke nan muna tare. Tafiyar da ta fi tsawo da na yi da shi mako uku ce ina bin gaɓa, da kaya wajen kilo 20. Ran kwana na goma sha ɗaya, ina cikin gangara, na afka wani rami da yashi ya lulluɓe. Sai ji na yi ƙas! Ɗan kunnen da ake ɗaure kariya, wato maɗorin kaya, a kai, can ƙasa kusa da inda tayar baya take zama, ya ɓalle, jaka ta karkace tana gogar taya. Na ɗaure da igiya, na lallaɓa har wani ƙauyen masunta. Babu mai gyaran keke ko ɗaya, amma akwai wani dattijo mai walda da ke gyara ƙarafan jiragen kamun kifi. Ya juya keken, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya ce tunda ƙarfe ne ai nasu ne. Ya kankare fenti, ya naɗe gefen da jiƙaƙƙen tsumma, ya ɗiga wuta sau uku ko huɗu. Kafin rana ta karkata na hau hanya. Waldar ba ta da kyan gani ko kaɗan, wani dunƙule ne kamar gidan zanzaro, amma har yau tana nan daram, kuma duk wanda ya ce in gyara ta, faɗa za mu yi.

Kada labarin nan ya ruɗe ka. Manyan bututun irin wannan firam kaurin bangonsu bai kai milimita 1 ba, mai walda in hannunsa na da nauyi huda su zai yi. Sa'ata ita ce wurin da ya karye mai kauri ne. Amma da alminiyam ne, sai an nemo mai injin walda na musamman da gas ɗin argon, kuma nau'in 6061 da aka fi yin firam da shi sai an sake gasa shi bayan walda kafin ƙarfinsa ya dawo. Wa zai yi maka wannan a ƙauyen masunta?

Maganar nauyi da 'yan kasuwa ke ta yayatawa, ga lissafinta. Ƙarfe ya ninka alminiyam nauyi kusan sau uku, amma ya ninka shi tauri kusan sau uku shi ma, shi ya sa bututun alminiyam suke da ƙiba. In aka gama ƙira, tazarar firam biyun ba ta cika wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kai kuwa lita uku za ka ɗauka.

Na alminiyam na taɓa sayen ɗaya, don ya yi mini kyau a ido. Dugadugina na dukan jaka a kowane juyin feda, a gangara kansa ya dinga kaɗawa, na rabu da shi ban waiwaya ba. To, akwai irin su Koga na ƙasar Holand da ke yin na alminiyam masu kyau, mutane na zaga duniya da su, amma ba irinsu ake turo wa sabon shiga ba.

Gishiri yana gaggauta tsatsa, babu musu. Amma abin da yake fara ci shi ne sarƙa da wayoyin birki da na giya da kusoshi, waɗannan kuwa ƙarfe ne a kan kusan kowane keke. Firam ɗin kansa a hankali yake tsatsa, kuma kana gani. Kafin ka tashi ka fesa mai a cikin bututun, inda fenti ya ƙwarzane ka shafa ko da jan farce ne, kada ka toshe 'yan ƙananan hudojin da ruwa ke fita, sannan duk bayan kwana biyu ko uku ka ɗauraye keken da ruwan da ba na teku ba, ka goge sarƙa ka sa mata mai. Alminiyam ma bai tsira ba. Inda ya haɗu da ƙarfe, ga ruwan gishiri a tsakani, sai wurin ya zama kamar batir, alminiyam ɗin ne kuma ke cinyewa, ya yi farin gari. Wannan ya shafe ka ko da na ƙarfe ka saya, domin sandar sirdi galibi alminiyam ce: ka zare ta ka shafe ta da giris, in ba haka ba za ta kafe a ciki. Kuma don Allah kada ka shiga jiƙaƙƙen yashin bakin ruwa da keke saboda hoto.

Abin da ya fi damuna da kai ma giyar keken ce. Mutane suna zaton bakin teku shimfiɗe yake. Duk rafin da zai shiga teku ya haƙa kwarinsa, ka gangara ka haye gada ka sake hawa, haka yini guda. Masu bin gaɓar Big Sur a Kaliforniya sun san wannan. Akwai shimfiɗaɗɗu, kamar kudancin hanyar keke ta Vélodyssée a Faransa, wadda ta taso daga Roscoff zuwa Hendaye, fiye da kilomita 1,200, amma kada ka gina sayayyarka a kan su. Nemi ƙaramin faifan gaba mai haƙori 24 ko 26, babban na baya 34 ko 36, taya mai faɗin milimita 38 ko sama, wayoyin kowace ƙafa 36, da tazarar kamar santimita 45 daga gindin feda zuwa tsakiyar tayar baya don diddige ya wuce jaka. Ga kuma iska. Ƙasa ta fi teku saurin ɗaukar zafi, don haka da rana ta take sai iska ta taso daga ruwa ta dinga dukanka ta gefe, jakunkuna su zama filafilai. Dogon keke mai kaya a ƙasa-ƙasa shi ke tsayawa. Ka bincika inda iskar lokacin take fuskanta tun kana gida. A gaɓar yammacin Amurka daga arewa ake nufar kudu, saboda iskar bazararsu daga arewa maso yamma take busowa.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da masu sayarwa. Akwai masu liƙa takardar Cr-Mo a kan ƙarfen banza mai nauyi, maganaɗisu kuwa ba zai raba maka su ba, duka biyun yake kamawa. Ka nemi sunan samfurin ka duba shi a shafin kamfanin. In na hannu ne, sabon fenti abin zargi ne. Shafa yatsa a ƙarƙashin bututun da ke bayan wuyan keken, in ka ji kumburi to ya taɓa yin karo, bar musu abinsu. Sassauta sandar sirdi ka ga tana motsi, girgiza keken ka saurari ko garin tsatsa na yawo a ciki, kifa shi ka duba lambar firam, in an goge ta mai yiwuwa na sata ne. Wanda ya ce ka biya bisa hoto kawai, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Ka nemi Surly Disc Trucker, ko Trek 520 na hannu mai lafiya, wanda aka fara yi tun 1983, ko duk wani mai 4130 da ke da kunnuwan kariya gaba da baya a girman jikinka. In ka samu, loda masa duk kayan da za ka tafi da su ka yi tafiyar kwana biyu da shi tukuna, sannan ka sake ɗaure kowace kusa.