Titanic da Lusitania: wanne ya tafi da manyan mutane?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin jiragen ruwan nan biyu da suka nutse, Titanic da Lusitania, wanne ya fi ɗaukar manyan mutane, kuma me ya sa ake ta ambaton fasinjojin na farko amma ba a cika jin na biyun ba. Idan dukiya za a auna, Titanic ya ɗara. Batun shahara kuwa, a ganina ba dukiya ce ta raba su ba, lokaci ne: Titanic ya yi awa biyu da minti 40 kafin ya nutse, Lusitania minti 18 kacal.

Titanic na kamfanin White Star ya tashi daga Southampton ta Ingila ranar 10 ga Afrilu 1912, tafiyarsa ta farko, ya nufi New York. Ya yi karo da dutsen ƙanƙara da ƙarfe 11:40 na daren 14 ga wata, ya nutse da ƙarfe 2:20. Mutum sama da 2,200 ke ciki, fiye da 1,500 suka mutu. Lusitania na kamfanin Cunard ya baro New York ranar 1 ga Mayu 1915 zuwa Liverpool, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ranar 7 ga wata da rana, jirgin yaƙin Jamus mai tafiya ƙarƙashin ruwa, U-20, ya harbe shi kusa da gaɓar Ailan. Cikin mutum kusan 1,960, kusan 1,200 suka halaka, 128 daga cikinsu Amurkawa.

Kowane jirgi yana da babban attajirinsa. Na Titanic shi ne John Jacob Astor, ɗan shekara 47, mai gidaje da otal-otal a New York, wanda aka ƙiyasta dukiyarsa da dala miliyan 87 a kuɗin wancan zamani. Yana dawowa ne daga yawon amarci a Masar da Faransa tare da amaryarsa Madeleine, 'yar shekara 18, tana da juna biyu. Ya sa ta cikin kwale-kwalen ceto, ya nemi jami'in jirgi Lightoller ya bar shi ya bi ta saboda halin da take ciki. Aka ce mata da yara tukuna. Bai yi musu ba, ya ja da baya, alhali kwale-kwalen bai ma cika ba. Bayan mako guda aka tsinci gawarsa, matar kuma ta haifi ɗa namiji a watan Agusta.

Takwaransa a Lusitania shi ne Alfred Vanderbilt, ɗan shekara 37, magajin gidan da ya yi arziki da jiragen ƙasa, mutum mai son dawakai. Waɗanda suka tsira sun ce sun gan shi yana taimakon mata da yara, har ya cire rigar cetonsa ya ɗaura wa wata mata, ga shi bai iya iyo ba. Ba a taɓa ganin gawarsa ba. In ka ce in zaɓa, zan ce abin da Vanderbilt ya yi ya fi nauyi, domin Astor hana shi aka yi ya haƙura, shi kuwa Vanderbilt da hannunsa ya bayar. Amma sunan Astor ne ya fi yawo.

Inda Titanic ya yi fintinkau shi ne yawan irin waɗannan mutane a jirgi guda. Akwai Benjamin Guggenheim na gidan masu haƙar ma'adinai, wanda aka ruwaito ya koma ɗaki ya sa kayansa na alfarma ya jira ajali. Akwai George Widener na Philadelphia da ɗansa Harry, wanda uwarsa ta gina babban ɗakin karatu a Jami'ar Harvard da sunansa. Akwai Manjo Archibald Butt, dogarin shugaban Amurka Taft, da shahararren ɗan jaridar Ingila W. T. Stead, da Thomas Andrews na kamfanin ƙera jiragen ruwa na Harland and Wolff a Belfast, wanda ya jagoranci zanen jirgin. Duk ba wanda ya fita.

Sai Isidor Straus, ɗaya daga masu katafaren kantin Macy's, da matarsa Ida, sun haura shekara 40 da aure. An ba ta wuri a kwale-kwale ta ƙi shiga ba tare da mijinta ba. An yi masa tayin wuri saboda tsufansa, ya ƙi ya riga sauran maza. Ta tuɓe rigar sanyinta ta ba mai yi mata hidima, Ellen Bird, ta sa ta a kwale-kwale, ita ta tsaya. Abin mamaki, marubucin Amurka Elbert Hubbard ya yi rubutu yana yabon wannan baiwar Allah bayan hatsarin. Shekara uku bayan nan shi da matarsa Alice suka mutu tare a Lusitania.

Ka lura, duk waɗannan labarai suna buƙatar lokaci: a yi tayi, a ƙi, a yi sallama, wani yana kallo, ya tsira ya ba da labari. Titanic ya daɗe bai karkata sosai ba, fitilu na ci har kusan ƙarshe, jami'ai suna iya tsayar da doka. Kwale-kwale 20 ne kawai, masu ɗaukar mutum 1,178, don haka dole a zaɓi wanda zai shiga, kuma ɗakunan masu kuɗi su suka fi kusa da inda ake lodi. Shi ya sa kusan kashi 60 cikin ɗari na 'yan aji na ɗaya, masu tikiti mafi tsada, suka tsira, 'yan aji na uku, masu tikiti mafi araha, kuwa kusan kashi 25. Matan aji na ɗaya ƙalilan ne ƙwarai suka mutu.

Lusitania yana da kwale-kwale 48, sun ishi kowa, darasin Titanic ke nan. Amma nan da nan jirgin ya karkata gefe guda, wuta ta ɗauke, yana kuma ci gaba da tafiya, har shida kaɗai aka iya saukarwa lafiya. A minti 18 ba wanda ya tambayi ajin tikitin wani. Binciken da masanin tattalin arziki Bruno Frey da abokan aikinsa suka wallafa a 2010 ya nuna masu shekara 16 zuwa 35 ne suka fi tsira a Lusitania, kuma aji na ɗaya bai amfani masu shi ba.

Tsira ma ba kowa ta yi wa daɗi ba. Bruce Ismay, shugaban White Star, ya shiga ɗaya daga kwale-kwalen ƙarshe. Kwamitin binciken Birtaniya bai same shi da laifi ba, amma jaridun Amurka suka yi masa ca, ya bar muƙaminsa a 1913, ya rayu a ɓoye har rasuwarsa a 1937. Sir Cosmo Duff-Gordon da matarsa, shahararriyar mai tsara tufafi, sun tafi a kwale-kwalen mutum 40 da mutum 12 kawai a ciki, fam biyar-biyar da ya ba matuƙan kuma ta zame masa abin gori. A Lusitania ba a yi wa fasinja irin wannan tuhuma ba, domin akwai wanda za a nuna wa yatsa: Jamus. Attajirin kwal na Wales, D. A. Thomas, ya tsira da 'yarsa Margaret, 'yar gwagwarmayar samar wa mata 'yancin ƙuri'a, wadda aka tsamo daga ruwa a sume, ba wanda ya ce musu uffan. Alƙali ɗaya ne, Lord Mersey, ya shugabanci binciken Birtaniya a kan jiragen biyu. Kyaftin Smith na Titanic ya bi jirginsa, Kyaftin Turner na Lusitania ya tsira, Mersey ya wanke shi.

Yaƙin ma ya taimaka wajen binne sunayen. Ofishin jakadancin Jamus ya buga gargaɗi a jaridun Amurka ranar da jirgin zai tashi, jirgin kuma yana ɗauke da harsasan bindiga sama da miliyan huɗu. Muhawara ta koma kan ko harin ya halatta, ba kan su wa suka mutu ba, ga kuma dubban sojoji suna faɗuwa a fagen daga. Ta haka aka manta da irin su Charles Frohman, babban mai shirya wasannin dandamali a New York da Landan, da Marie Depage, 'yar Beljiyam da ke dawowa daga tara gudummawa domin jinyar sojojin da suka ji rauni.

Wanda mutuwarsa ta fi barin baya da ƙura shi ne Sir Hugh Lane, ɗan Ailan mai tara zane-zanen Turai. A wasiyyarsa ya bar zane 39 ga gidan adana zane na ƙasa a Landan, daga baya ya rubuta ƙari yana mayar da su Dublin, babban birnin Ailan. Ya sa hannu, amma babu shaidu. Landan ta riƙe doka, Dublin ta riƙe niyyar mamaci, aka yi ta ja-in-ja har 1959 kafin a amince a riƙa karɓa-karɓa da zanen tsakanin biranen biyu.